Sankarar Gidan Ƙwai: Yadda Ciwo Ke Shiga Idan Masu Gadin Jiki Suka Faɗi

A kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba har zuwa Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, da wuya a samu ɗan kasuwar da bai taɓa jin labari irin wannan ba. Mace ta haura shekara hamsin, ta daɗe da barin haihuwa, sai cikinta ya fara tasowa. Da farko a ce kumburin ciki ne, a jiƙa mata kanwa. Idan bai sauka ba, wasu su ce tsohon ciki ne da ya kwanta ya motsa, wasu kuma su ce jifa aka yi mata. Maigida ko babban ɗa ya taɓa jari, a je wajen wannan mai magani, a koma wajen wancan. Kafin a kai ta babban asibiti an yi wata shida ko fiye, ƙafafu sun kumbura, loma uku ta ishe ta, sannan likita ya duba ya ce an makara.

To, ba duk cikin da ya kumbura ne sankara ba. Ciwon hanta na kawo haka, tarin fuka idan ya sauka cikin ciki yana kawo haka, ƙarin mahaifa ma haka. Amma cikin abubuwan da ke kawo shi akwai sankarar gidan ƙwai, wadda a yau muka ga ya dace mu tattauna a kanta, domin masana sun gano abubuwa da yawa game da asalinta, kuma wani ɓangare na abin da suka gano yana hannunmu ne a cikin gidajenmu, ba sai an je Turai ba.

Hukumar binciken sankara ta ƙasa da ƙasa da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan dubu 324 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, kuma kusan dubu 207 suka rasu ta dalilinsa. Abin da ya sa kisansa ya yi yawa haka shi ne a ɓoye yake girma. Idan an gano shi tun yana wuri ɗaya, fiye da mata 9 cikin 10 suna kai shekara biyar a raye. Idan kuwa ya riga ya bazu cikin ciki, ko a Amurka mata wajen 3 ne cikin 10 ke kai wa haka. Kuma mafi yawan mata sai ya bazu ake gano shi.

Mene ne gidan ƙwai?

Kowace mace tana da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu na mahaifa, kowanne bai fi girman dabino ba. Daga nan ƙwai ke fitowa kowane wata, ya bi wani siririn bututu ya gangara mahaifa. Ya kamata mu bambanta wannan ciwo da sankarar bakin mahaifa, wadda ake yawan magana a kanta a rediyo. Ita waccan ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana da allurar rigakafi da ake yi wa ƴan mata, kuma ana iya gano ta da wuri ta hanyar duba bakin mahaifa. Sankarar gidan ƙwai ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, ba a ɗaukarta daga wani, allurar nan ba ta hana ta, kuma duban bakin mahaifa ba ya nuna ta. Asalinta yana cikin ƙwayoyin jikin mace ne da kansu.

Littafin da ake ta kwafewa

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, wajen tiriliyan 30. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da masana ke kira DNA, mai harrufa wajen biliyan 3, wanda a cikinsa aka rubuta umarni kusan dubu 20 na yadda jiki zai yi aiki. Waɗannan umarni su ake kira ƙwayoyin gado. Kowane ɗaya muna da shi kwafi biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa.

Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafe wannan rubutu baki ɗaya. Duk wanda ya taɓa sa yaron shago ya kwafe masa littafin bashi ya san abin da ke faruwa: a tsallake layi, a juya lamba, a ƙara sifiri inda babu. Haka kuskure ke shiga rubutun jiki kullum. Abin da ya sa ba dukanmu muke kamuwa da sankara ba shi ne, cikin umarnin nan akwai wasu da aikinsu gadi ne. Wasu suna gyara kuskure, wasu suna tsayar da ƙwayar da ta fara yaɗuwa ba bisa ƙa'ida ba, wasu kuma suna umartar ƙwayar da ta lalace da ta mutu. Su ne masu danne ƙari, mu kuma a nan za mu kira su masu gadi.

A shekarar 1971 wani likita Ba'amurke mai suna Alfred Knudson ya yi nazarin yara 48 masu wata sankarar ido, ya lura cewa waɗanda ciwon ke cikin danginsu suna kamuwa da wuri kuma sau da yawa a ido biyu, sauran kuwa suna kamuwa a makare kuma a ido ɗaya. Daga nan ya fito da bayanin da har yau ake aiki da shi. Misalinsa kamar sito ne mai kwaɗo biyu. Idan ɓarawo ya ɓalle kwaɗo ɗaya, ƙofa tana nan a rufe, sai ya ɓalle na biyu sannan ya shiga. Wanda aka haifa da kwaɗo biyu lafiyayyu, sai tsautsayi ya faɗa sau biyu a kan ƙwaya ɗaya kafin ciwo ya samu hanya, kuma hakan na ɗaukar shekaru da yawa, galibi ma ba ya faruwa. Wanda kuwa ya gaji kwaɗo ɗaya a karye, kowace ƙwaya ta jikinsa da kwaɗo ɗaya take kwana.

Babban mai gadi

Shugaban masu gadin nan shi ne wanda ake kira p53. An gano shi a 1979 a Landan da kuma Amurka, amma an yi shekara goma ana zaton shi ne ke hura wutar sankara, sai a 1989 aka tabbatar cewa aikinsa kashe wutar ne, wanda aka fara gani a cikin ƙari lalatacce ne. Aikinsa ya yi kama da na shingen bincike a kan hanya. Idan rubutun ƙwaya ya samu lahani, sai ya tsayar da ita har a gyara. Idan lahanin ya fi ƙarfin gyara, sai ya sa ta kashe kanta. Ranar da aka ɗage wannan shinge, kowace irin mota wucewa take yi da kowane irin kaya.

A shekarar 2011 wata babbar ƙungiyar masana a Amurka ta wallafa binciken da ta yi a kan ƙari na mata kusan 500 masu nau'in sankarar gidan ƙwai da ya fi yawa kuma ya fi kisa, wanda shi ne wajen kashi 70 cikin 100 na masu ciwon. Cikin 316 da aka karanta rubutunsu dalla-dalla, an tarar p53 ya lalace a kashi 96 cikin 100. Da wuya a samu wata sankara da mai gadi guda ɗaya ya faɗi a kusan dukan masu ita kamar haka. Sai dai mu lura, wannan lalacewa ta p53 a cikin rayuwar mace take aukuwa, a ƙwayoyin wurin kaɗai, ba ta gaje ta ba kuma ba za ta gadar wa ƴaƴanta ba.

Wani abin mamaki da aka gano tun daga 2001 a ƙasar Holan, kuma likitocin Boston a Amurka suka ƙarfafa shi bayan ƴan shekaru, shi ne yawancin wannan nau'i ba a cikin gidan ƙwai yake farawa ba. A bakin bututun nan yake farawa, inda ake samun ƴan ƙwayoyi da p53 ɗinsu ya riga ya faɗi tun shekaru kafin ƙari ya bayyana. Da yake bakin bututun a buɗe yake cikin ciki, ƙwayoyin na iya zuba a kan gidan ƙwai da hanji da tantanin ciki tun suna ƙanana. Wannan ne ya sa ciwon ke bazuwa kafin a ji wani dunƙule, kuma shi ke tara ruwan da ke kumbura ciki, wanda ko an zuƙe shi sai ya dawo.

Masu gadin da ake gado a karye

Akwai wasu masu gadi biyu da suka fi shafar iyali, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka ciro sunansu daga kalmomin sankarar nono a Turanci. Wata masaniya a Kaliforniya, Mary-Claire King, ta yi shekara 17 tana bin diddigin iyalan da sankarar nono ta addaba, har a 1990 ta nuna wurin da na farkon yake. An ware shi a 1994, na biyun kuma aka gano shi a Ingila a 1995. Aikinsu ɗinki ne: idan zaren rubutun ya tsinke gaba ɗaya, su ke haɗa shi daidai yadda yake. Idan babu su, sai ƙwaya ta yi ɗinkin ganin dama, kuskure ya hau kan kuskure.

Wajen kashi 15 cikin 100 na mata masu sankarar gidan ƙwai sun gaji ɗaya daga cikin waɗannan biyu a karye. A tsakanin mata baki ɗaya, wajen 1 ce cikin 100 ko sama da haka kaɗan ke kamuwa da ciwon a tsawon rayuwa. Amma wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi mata kusan dubu 10 masu wannan gado, ya nuna cewa zuwa shekara 80, kashi 44 cikin 100 na masu karyayyen BRCA1 suna kamuwa da shi, masu BRCA2 kuma kashi 17. Haɗarin sankarar nono a wurinsu kuwa ya kai wajen kashi 70. Masu BRCA1 sukan kamu da wuri, tun daga shekara arba'in.

A nan ne muke son mai karatu ya natsu. Mu mun saba da labarin sikila, wadda sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita sannan yaro ya kamu. Wannan ba haka take ba. Mutum ɗaya cikin iyaye ya isa, kuma kowane ɗa ko ɗiya da ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Haka kuma namiji yana ɗauke da ita kamar yadda mace ke ɗauka. Alhaji yana iya kai wa shekara tamanin lafiya lau, ya miƙa wa ɗiyarsa abin da ya kashe mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Don haka ciwon da ya kama goggo yana da nauyi daidai da wanda ya kama inna, kuma kuskure ne a ɗora wa dangin uwa laifi, domin ba wanda ya zaɓi abin da zai gada. Shi kansa namijin, musamman mai BRCA2, yana da ƙarin haɗarin sankarar mafitsara ta maza, wato ta ƴar ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, da ma sankarar nono.

Kada kuma a ce wannan gadon Turawa ne. A 2018 an wallafa binciken da aka yi a Ibadan a kan mata ƴan Nijeriya 1,136 masu sankarar nono, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Olopade, aka tarar kashi 7 cikin 100 sun gaji karyayyen BRCA1, kashi 4 kuma BRCA2. Wato wajen mace 1 cikin 9. Ƴaƴansu da ƴan'uwansu mata suna cikin waɗanda sankarar gidan ƙwai ke iya kamawa.

Akwai wasu masu gadin ban da waɗannan. A nau'o'in ciwon da ba su kai wancan yawa ba, ana yawan samun faɗuwar PTEN da kuma ARID1A, wanda a 2010 aka tarar ya lalace a kusan rabin wani nau'i. Wani lokaci ma mai gadin bai karye ba, jiki ne ya toshe masa baki ya daina aiki, kuma sakamakon ɗaya ne.

Raunin ciwon ya zama hanyar magani

Har yanzu ginshiƙin magani shi ne tiyata a cire duk abin da ido ya gani na ƙarin, sannan a bi da ƙarin ruwa na maganin sankara, galibi kaboplatin da paklitaksel, sau shida, kowane mako uku. Shi kaboplatin lalata rubutun ƙwaya yake yi, shi ya sa ƙarin da ya rasa masu ɗinki ya fi jin sa.

Daga wannan ne masana suka hango wata dabara. Duk mai harkar hatsi ya san buhu yana da gyara iri biyu, ƙaramar huda da ake tsuke wa nan take, da kuma babbar ɓaraka da sai an kira mai ɗinki. A cikin ƙwaya, wani ma'aikaci da ake kira PARP ne ke tsuke ƙananan huda, BRCA kuma ke ɗinke babbar ɓaraka. Idan aka ɗaure hannun PARP da magani, ƙananan huda sai su zama ɓaraka. Lafiyayyun ƙwayoyin mace suna da sauran kwafi ɗaya na BRCA, sai su ɗinke abinsu su wuce. Ƙwayar sankara kuwa ta rasa duka biyun, sai ta fashe ta mutu. Ƙungiyoyi biyu a Ingila, ɗaya a Landan ɗaya a Shefil, suka nuna haka a 2005, kuma a watan Disamba na 2014 aka amince da ƙwayar farko ta irin wannan magani, olaparib, a Turai da Amurka.

A wani gwaji da aka yi da mata 391 masu lalataccen BRCA da ciwonsu ya riga ya bazu, an ba wasu olaparib na tsawon shekara biyu bayan tiyata da ƙarin ruwa. Bayan shekara bakwai, kashi 67 cikin 100 na waɗanda suka sha suna raye, waɗanda ba su sha ba kuma wajen kashi 47. Ci gaba ne babba, amma ba ya nufin kowa ya warke, domin wani lokaci ƙarin yakan gyara BRCA ɗinsa da kansa ya daina jin maganin. Ga kuma tsada, wadda ta fi ƙarfin mafi yawan gidajenmu. A nan dole mu ja kunnen junanmu, mu da muka san yadda jabun magani ke ratsa iyaka. Maganin sankara ba kayan tebur ba ne. Duk wanda ya kawo muku shi a leda da araha, ko ya ce yana da jiƙon da ke narkar da ƙari cikin kwana bakwai, kuɗinku da lokacin majinyaciya zai cinye.

Abin da ke hannunmu

Har yau babu wani awo da za a riƙa yi wa dukan mata don kama ciwon tun yana ƙarami. A Birtaniya an gwada haka da mata fiye da dubu 200, ana yi wa wasu awon jini na CA125, wasu hoton ciki, kowace shekara, amma sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mace-mace ba su ragu ba. Saboda haka abubuwa biyu suka rage mana, sanin tarihin dangi da kuma saurin kula da alamu.

Na farko ba ya cin ko dala. A zauna da tsofaffin gida a tambaya: wace ce ta rasu da ciwon nono ko kumburin ciki, a ɗakin uwa da ɗakin uba, kuma tana da shekara nawa? Idan aka samu wadda likita ya tabbatar tana da sankarar gidan ƙwai, ko mata biyu ko fiye masu sankarar nono, ko wadda ta kamu kafin shekara hamsin, ko namiji mai sankarar nono, to a rubuta a kai wa likitan mata. Akwai awon jini ko na yawu da ke nuna ko mace ta gaji karyayyen BRCA, kuma an fi son a fara da wadda ke da ciwon. Wadda aka tabbatar ta gada, ana ba ta shawarar cire gidan ƙwai da bututunsa bayan ta gama haihuwa, tsakanin shekara 35 zuwa 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2, kuma hakan na rage haɗarin da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Shawara ce mai nauyi a wurinmu, inda haihuwa ke da daraja, kuma tana kawo ɗaukewar al'ada da wuri, don haka sai an zauna da mace da mijinta da likita an auna. Haihuwa da shayarwa da ƙwayar tazarar haihuwa duk suna rage haɗarin, ita ƙwayar wajen kashi 20 cikin 100 a duk shekara biyar da aka yi ana sha. Amma ragewa suke yi kawai, mai ƴaƴa goma ma tana iya kamuwa.

Na biyu shi ne alamu. Kumburin ciki da ba ya sauka, saurin ƙoshi, ciwon mara ko na ciki, da yawan fitsari ko matsuwarsa. Kowace mace takan ji ɗaya daga cikinsu jefi-jefi. Abin kula shi ne idan sabo ne gare ta, yana zuwa kusan kullum har mako biyu ko uku, musamman idan ta haura hamsin ko akwai ciwon a dangi. Haka nan jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, kada a zauna da shi. A je a yi hoton ciki, wanda a wannan ɓangaren ake kira ekografi, a ƙetare kuma sikanin. Idan an ga wani abu, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. A Yamai akwai asibitin mata na Isaka Gazobi da kuma cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, a Sakkwato da Kano da Zariya kuma akwai asibitocin koyarwa na jami'a. Duk inda aka je, a adana kowace takarda da kowane hoto a wuri ɗaya, domin idan aka tsallaka iyaka ba tare da su ba, sabon awo da sabon kuɗi za a fara. Kuma idan an yi tiyata, a tabbatar an kai abin da aka cire ɗakin awo, don da shi ne ake sanin nau'in ciwon da maganin da ya dace.

Daga ƙarshe muna kira ga maza musamman, tunda a yawancin gidajenmu sai da izininsu da kuɗinsu mace ke zuwa asibiti. Matanmu da iyayenmu mata suna da kunya da dauriya, sukan ɓoye ciwon mara har sai ya kwantar da su. Ɗan kasuwa ba ya jiran damina ta sauka kafin ya duba rufin sito. Idan uwar gida ko Hajiya ta ce cikinta ya canja, kuɗin hoton da za a yi a wannan mako ba su kai kashi ɗaya cikin goma na abin da za a kashe bayan wata shida ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare masu lafiya.